Gida Mai Ƙofa Biyu

Ranar da Rabo ya zana gidansu da toka a ƙasa, ranar ce Baba Mato ya rantse cewa muddin shi ne waliyyin yaron, ƙafarsa ba za ta taka gidan su Suwaiba da goron neman aure ba.

Kuma fa da dariya aka fara.

Kaka ta wuce a garin Tama, hatsi ya shiga rumbu, magina sun soma kwaɓa ƙasa. Suwaiba na dawowa daga wankan wata mai jego, akwatin aikinta a ka, sai ta hango Rabo durƙushe a filin da mahaifinsa ya bar masa. Yana riƙe da ƙoƙon toka, yana jan farin layi a natse kamar mai rubutu a allo.

Ita bazawara ce, shekarunta ashirin da biyar. A hannun kakarta ta koyi ungozomanci, daga baya likitocin garin Buza suka ƙara mata horo, suka ba ta wannan akwati. Shi kuwa shekara shida ya yi a Abijan yana dakon buhuna a bakin teku. Ya dawo da gadon ƙarfe da rediyo, ya sayi azarar giginya a Madawa, wadda ba za ta rufe fiye da ɗaki uku ba. Wata bakwai ke nan yana zarya a ƙofar gidansu, danginsa na cewa a dakata, wai ana bincike.

"Tsaya, tsaya!" in ji Rabo. "Kin shigo mini ta bango. Koma ki biyo ta ƙofa, ki yi sallama kamar ɗiyar Musulmi."

Ta dubi ƙafarta a kan layin toka, ta ƙyalƙyale da dariya. Ta koma da baya, ta zagayo inda ya bar ɗan giɓi.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Amin wa alaikumus salamu. Maigida shina ciki. Uwargida muke jira, an ce tana bisa hanya."

Ta ja mayafi ta rufe baki.

Ya shiga nuna mata. Filin ba wani babba ba ne, taki goma sha huɗu ne faɗinsa. Gabas katangar mahaifiyarsa ce, Inna Tabawa. Arewa 'yar hanyar rijiya ce. Zaure ya dubi yamma, don kada ruwan damina ya riƙa dukan ƙofa. Ga turakarsa kusa da zaure, ga ɗakinta can ciki.

"Nan za ni fasa miki taga," ya ce, yana buɗe hannuwa. "Irin ta Abijan, faɗin tabarma."

"A Abijan ɗin akwai awakin Maiguwa?"

"Ina ruwan awakin maƙwabta da tagarki?"

"Ranar da kat tarad da bunsuru bisa gadonka na ƙarfe, ka sani. A rage ta, a kai ta sama. Iska nike so, ba baƙi ba."

Ya rage. Ta dubi inda ya yi wa murhu alama, ta girgiza kai, ta ce iska za ta riƙa kwaso hayaƙi ta zuba mata a ɗaki, kafin shekara kwanoninta sun koma launin tukunya. Ya ɗauke murhu ya kai kudu. Sai makewayi ya matso kusa da murhu, dole aka sake ja da shi. Suka auna gadon da kara, suka ga in ya shiga ɗakinta babu bangon da zai rage na jere. Rabo ya yi tsaki, ya share layi da tafin ƙafa, ya gutsuro kamu biyu daga turakarsa ya ƙara mata.

"Haka za ki yi ta cina kamu-kamu, har in koma kwana tsaye."

"Wa ya aike ka sayen gado kamar kwale-kwale?"

Daga nan sai ta sauke akwatin, ta tsaya tsakiyar filin tana bin layukan da ido.

"Rabo, matan fa? Ta ina za su shigo?"

"Ta zaure mana. Ko akwai wata hanya?"

"Ita ce matsalar." Muryarta ta yi ƙasa. "A gidanmu, wurin Yaya Aƙilu, mace takan taso tun daga tunga can cikin daji, ta zo har bakin ƙofa. In ta ga maza zaune a zaure, sai ta yi kamar ɓatan hanya ta yi, ta juya da ciwonta. Ba ni jin labari sai bayan kwana uku, lokacin da ba abin da hannuna zai iya."

Rabo ya san labarinta. A shekarar yunwa ta kwana biyu tana naƙuda a gidan mijinta na fari, ba wanda ya je kiran kowa, ɗan ya zo babu rai. Ba a rufa shekara ba takardar saki ta iso daga Ikko, inda mijin yake.

Rabo ya daɗe yana kallon turakarsa. Sai ya durƙusa, ya share layin da ke gefen hanyar rijiya, ya bar giɓi daidai shigar mutum ɗaya.

"Ga ƙofarki. Mace ta ɗauko tulu kamar za ta ɗiban ruwa, ta faɗo nan, ba wanda ya sani. Ɗakin kuma na ba ku, ki sa tabarma da akwatinki."

"Turakarka ce fa!"

"Da rana ina da zaure. In rana ta faɗi, ina da ɗakinki. Ranar da kinka kore ni, ga jakina can, mun saba."

Idanunta suka ciko. Tana neman abin da za ta ce ke nan, aka yi gyaran murya a bayansu.

Baba Mato ne, wan mahaifin Rabo, yana dawowa daga fadama da sandarsa. Suwaiba ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da ka, idonsa na kan toka.

"Wanga giɓi na mi ne?"

Rabo ya yi bayani, kansa a sunkuye. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"To. Namiji ba turaka, mace da ƙofarta ta waje. Gida mai ƙofa biyu, ai ɓarawo ke murna da shi. Kana zaure kana tsaron gaba, baya na buɗe, kowa ya ga dama ya shiga ya fita." Ya juyo ya dubi Suwaiba sama da ƙasa. "Ban ga laifinta ba. Wanda kakanninsa sunka tashi suna bauta gindin tantin Buzaye, ina ya san darajar katanga?"

"Baba!" in ji Rabo.

"Rufe mini baki." Nan ya ɗaga sanda ya yi rantsuwar.

Suwaiba ta ɗora akwatinta a ka. Har a wannan hali, ba ta tsallake layi ba, ta giɓin zaure ta bi ta fita.

* * *

Kafin azahar magana ta zagaye gari. Da ta isa kunnen wanta Aƙilu, sai da ya yi jifa da hularsa.

"Gonarmu tamu ce, guminmu muke ci, ba mu roƙi kowa ba! Ba ni zama a yi mana gorin kakanni a kan ramin bango. Ke ma kin so. Ga mutum na jiran amsa tun damina, kin bar shi tsaye."

Likita Isaka yake nufi, wanda ya koyar da su aiki a Buza. Mutum ne mai hankali, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu. An ɗauke shi an mayar Madawa, an ba shi gidan siminti mai ɗaki huɗu da famfo a tsakar gida. Ya yi alkawarin sama mata aiki a ɗakin haihuwa.

"Can ba mai tambayarki ƙofa nawa," in ji Aƙilu. "Ran Juma'a manzonsa ke dawowa. In dangin Rabo ba su zo ba kafin nan, ni na gama magana."

"Yaya, matan Tama fa?"

"Matan Tama sun hana a zage ki?"

Ta shige ɗaki. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

Ranar Laraba da la'asar Rabo ya yi sallama. Ta fito suka tsaya gindin adduwar ƙofar gida. Ya rame, idonsa ya faɗa. Tana ganinsa kukan da ta daɗe tana riƙewa ya ƙwace mata.

"Ka toshe ta," ta ce. "Ka je ka ce wa Baba Mato na janye. Ka karɓi turakarka. Ni dai in zauna da kai, ko ɗaki ɗaya ne, ko ba taga."

"Ba ni toshewa."

"Don Allah, Rabo."

"Na ce ba ni toshewa. Ki saurare ni. In na toshe, ranar da wata ta juya daga bakin zaurena ta tahi ta mutu a tunga, da wane ido za ki dube ni? Ba za ki yi magana ba, na san halinki. Za ki kawo mini tuwo, ki durƙusa, ki yi murmushi. Amma ni na san na rushe wani abu a cikinki. Ba ni son rabin Suwaiba."

Ta share hawaye da gefen mayafi, wasu suka biyo.

"To ka ji, Yaya Aƙilu ya ba da Juma'a."

"Na ji. An ce har famfo gare shi."

"Haka anka ce."

"Da ɗaki huɗu."

"Rabo, mi kake son ka ce?"

Ya dubi ƙasa, yana tona ta da yatsan ƙafa. "In can ne hankalinki zai kwanta, ba ni tare miki hanya. Mutumin kirki ne. Ni abin da ke gare ni taki goma sha huɗu ne, da dangi masu tsauri."

"Kai yanzu tura ni kake?"

"Ni? Wallahi in kinka shiga motar Madawa, gadon ga na ƙarfe a ka za ni ɗauke shi in bi ku a ƙasa."

Dariya ta kama ta cikin kuka, har ta riƙe adduwa. Shi ma ya yi, amma idonsa jajir.

"Famfo ba ya zana mini gida da toka," ta ce a hankali. "Ka bar zancen."

Ya yi ajiyar zuciya. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Saura saƙo guda, na rasa ta inda za ni fara. Inna ta ce ki zo gobe da hantsi. Ke ɗaya."

Suwaiba ta ɗago ta dube shi. Wata bakwai, Inna Tabawa ba ta taɓa amsa mata gaisuwa da abin da ya wuce "lafiya" ba.

* * *

Washegari da hantsi ta tarar da tsohuwar a ƙarƙashin rumfarta tana kaɗin auduga. Tun rasuwar maigidan babu namijin da ke zama a zauren gidan, sai kaji. Suwaiba ta cire takalmi, ta durƙusa nesa.

"Matso. Ba ni cizo, haƙoran sun ƙare."

Ta matso. Inna Tabawa ta tura mata ƙwaryar fura, ta ci gaba da murza mazarinta.

"Ba ni ɓoye miki, ban so ki ba. Autana ne. Budurwa na so mishi, ɗiyar dangi, wadda za ni tanƙwara da hannuna. Da wan ubansa ya yi rantsuwa, har cikin raina na ce Allah ya raba mu."

"Na sani, Inna."

"Ba ki san komi ba tukuna." Ta ajiye mazarin. "Tara na haifa, huɗu ke raye. Cikin na biyar shina wata bakwai, jini ya tsinke mini da hantsi irin wanga. Uban mijina na zaure da baƙi daga Keita. Gidan ungozoma ga shi can, in na yi kira da ƙarfi tana ji. Sau uku ina zuwa bakin zaure, in ji muryoyinsu, in komo. Ba su tashi ba sai la'asar." Ta dubi mazarin. "Cikin ya zube. Mace ce. Har da gashinta."

Suwaiba ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta.

"Shekara talatin ban faɗa wa kowa ba. Da yaron ga ya ba ni labarin ƙofarki, ban runtsa ba. Jiya na zagaya filin da kaina, na auna da ƙafata. Tashi ki gani."

Ta dafa bango ta miƙe, ta ja Suwaiba zuwa katangar yamma, wadda ta raba gidanta da filin Rabo. Akwai 'yar rumfar murhu a jingine da ita.

"Ƙofar waje kam, Malam Mato na da gaskiya ta wani gefe. Bakin mutane ba ya barinki, ko ke waliyyiya ce. Amma in nan anka fasa, mata ta gidana za su bi. Wa zai tambayi mace don mi ta shiga wurin tsohuwa? Ta ce ta zo sayen daddawa."

Fuskar Suwaiba ta washe.

"Kada ki yi murna tukuna, akwai abin da za ta ci. Ni murhuna zai tashi daga inda ya shekara arba'in. Ku kuma sai kun juya gidanku. Ɗakin matan ya dawo nan jikin katanga, naku ya koma yamma, inda rana ke gasa bango tun azahar. Da bazara za ki tuna da ni." Ta dube ta ido cikin ido. "Kuma ƙofa ba ta san mutum ba. Yadda za su bi su je gare ki, haka ni ma za ni bi. Miyarki in ta yi gishiri, ina ji. In kunka yi faɗa, ina ji. Kuma ba ni iya yin shiru, kowa ya shaide ni. Ki auna."

Suwaiba ta auna. Ta tuna gidanta na fari, inda ko tari ta yi sai uwar miji ta tambayi dalili. Tun fitowarta take mafarkin tsakar gida tata ta kanta, inda za ta zauna ba ɗankwali, ta yi waƙa in ta ga dama. Ga shi za ta fasa bango da hannunta ta gayyato ido. Sai kuma ta tuna matan da ke juyawa daga bakin zaure.

"Inna, in roƙi abu guda?"

"Tun ba a ɗaura ba kin fara?"

"A sa mata ƙyaure. Sakata kuma ta gefena."

Tsohuwar ta zuba mata ido har Suwaiba ta soma da-na-sani. Sai ga dariya ta ɓarke mata, har da tafa hannu.

"Lalle yaron ga ya ɗebo ruwan dafa kansa! To, na ji. Sakata taki. Amma ba ki rufewa sai an yi sallar isha'i, kuma mai ciwo in ta buga, ko wane lokaci ne, ki buɗe."

"Ko ke kinka buga, Inna, ina buɗewa."

"Za mu gani."

Suwaiba ta kama hannun tsohuwar da hannu biyu. Sai ta tuna da rantsuwar.

"Baba Mato fa? Ya rantse. Kuma gobe Juma'a."

"Rantsuwa na da kaffara. Ya ciyar da mutum goma, in hatsinsa bai kai ba ga rumbuna. Na aika a kira shi, shina bisa hanya." Inna Tabawa ta dubi ƙofar zaure. "Tun da anka kawo ni gidan ga ina ɗiya ƙarama, ban taɓa yi mishi magana a tsaye ba. Ko sunansa ban taɓa kamawa a gabansa ba. In na tsaya roƙo, zai ce a'a, ni kuma in durƙusa in ce to. Na san kaina. Miƙo mini galmar can."

Suwaiba ta ɗauko ta miƙa mata. Tsohuwar ta ɗaure zanenta tamau, ta yi bisimilla, ta ɗaga galmar ta sari katangar. Ɓaraguzan ƙasa suka zubo a kan duwatsun murhu. Ta sake sara. A sara na biyar wani ɗan rami ya buɗe, haske ya ratso, ana hango farin layin toka a can gefe.

A daidai nan suka ji ƙarar sanda a bakin zaure, da muryar da ta hana Suwaiba barci kwana uku.

"Salamu alaikum. An ce ana nemana."

Gwiwoyin Suwaiba suka kai ƙasa da kansu. Ta ɗaga ido ta ga na Inna Tabawa ma sun soma lanƙwasa, saboda sabo. Amma tsohuwar ta dogara galmar a ƙasa, ta miƙe sosai, ƙura a fuskarta.

"Ku shigo, Malam," ta ce. "Kun ishe mu muna aiki."